Firijin Aro

Ni Mas'uda ban taɓa jin kunya irin ta makon jiya ba, ranar da baƙi suka zo duba asibitin ƙauyenmu. Wallahi in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Innata, Tasalla, ciwon suga gare ta. Allurar da ake yi mata safe da yamma ba ta son zafi, sai an ajiye ta a sanyi. To mu ina muka ga sanyi? Asibitin namu, can kan hanyar Tudun Kaya, ɗaki biyu ne da baranda, ba wuta ba firiji, katifar gadon ma ɓera ya gama da ita. Sai dai mu sa kwalbar a 'yar tukunya, mu binne cikin yashi a bayan randa, muna yayyafa ruwa. Da damina dabarar tana yi. Da bazara kuwa allurar lalacewa take, ta yi gudaji-gudaji. Bara haka ta yi, Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, da ƙyar aka kai ta Karaye a babur.

Sai ga labari wai wata ƙungiya daga Kano za ta zo ta ga asibitin. Ba wanda ya tsaya tambayar me ke tafe da su. Kawu Shitu, ƙanen Inna, shi ne mai unguwa, nan take ya tara gari.

"Baƙi ba za su zo su ga tsiraicinmu ba," in ji shi. "Kowa ya fito da abin da yake da shi."

Mu dai haka muka tashi. In za a yi jeren ɗakin amarya, sai a bi maƙwabta aron tasoshi, bayan biki a mayar. To haka aka yi wa asibiti jere. Aka shafa farar ƙasa. Mai kemis ya ba da aron magunguna aka cika kantar asibitin. Ni da kaina na ɗauko katifata da zanen gadona mai fulawa, ina rawar kai. Shi kuwa Yusha'u mai ƙanƙara, firijinsa aka turo a kura, aka ɓoye janareta a bayan ɗaki. Masu gyambo da masu tari aka ce su zauna a gida. Inna aka zaɓa ta zauna a matsayin majinyaciya, don ita ce mai kyan gani, ta sha lulluɓi har da turare.

Da hantsi motarsu ta iso, da wani ƙaton kwali ɗaure a baya. Shugabarsu wata likita ce, Ummukulthum, mace mai fara'a. Aka yi gaishe-gaishe, ta shiga ta duba gado, ta duba kantar magani, ta buɗe firiji sanyi ya bugi fuskarta. Ga kwalbar Inna a ciki zaune daram kamar gidan ubanta.

"Masha Allah," in ji likitar. "Mai unguwa, akwai abin da ke damunku?"

"Babu komai, ranki ya daɗe, sai godiyar Allah."

"To madalla. Wancan kwalin firiji ne mai aiki da hasken rana, shi kaɗai ya rage mana. Tunda kuna da naku, bari mu wuce da shi wani ƙauye a ƙasar Rogo, su ba su da ko ɗaya."

Tsit! Ba abin da ake ji sai ƙarar janaretan Yusha'u. Na kalli Kawu, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa. Dagaci na gefensa, dattawan gari na bayansa. Na ce yanzu zai yi magana. Ina! Buɗar bakinsa sai ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Ban san sanda na miƙe ba.

"Likita, na aro ne! Firijin mai ƙanƙara ne, katifar nan tawa ce, maganin na kemis ne. Mu ko ƙwayar ciwon kai ba mu da ita!"

Mata suka hau salati. Wata ta ja mini mayafi tana cewa, "Ke Mas'uda, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Fuskata ta ɗau zafi, ga surukina tsaye a bakin ƙofa yana jina.

Likitar ba ta kula kowa ba. Ta durƙusa gaban Inna ta kama hannunta.

"Iya, ke ce mai allurar. Tsakaninki da Allah, ina kike ajiye ta?"

Inna ta ɗaga ido ta kalli Kawu. Ya sunkuyar da kai, babbar rigarsa ta yi masa yawa. Ta daɗe tana kallonsa.

"A nan, likita," ta ce, ta nuna firijin. "Kullum a nan. Yarinyar nan rana ce ta taɓa ta, ki yi haƙuri da ita."

Aka yi 'yar dariya, irin ta neman mafita. Likitar ta kalle ni, ta kalli Inna, ta miƙe. Me za ta yi? Mai ciwo ta faɗa da bakinta. Aka cika musu mota da gyaɗa da zabi, aka raka su da addu'a. Ina tsaye kwalin ya wuce ta gabana ya hau hanyar Rogo.

Kafin la'asar an kwashe jere. Yusha'u ya zo da kurarsa, ya miƙo mini kwalbar Inna bai ko kalli idona ba. Na ɗora katifata a ka na ratsa gari, ba wanda ya ce mini sannu. Kunyar ƙaryar da muka yi daban, kunyar tona ta daban, duka biyun ni na kwaso.

Washegari da yamma na tarar da Inna durƙushe a bayan randa tana tonon yashi. Ranar an yi zafi kamar garwashi.

"Ƙanena ne, Mas'uda," ta ce, ba ta juyo ba. "Ni na goya shi. Da kin so in tuɓe shi a gaban dagaci?"

Ta ciro kwalbar, ta goge da bakin zane, ta ɗaga ta wajen haske tana ƙanƙance ido. Ciwon ya soma cin ganinta.

"Zo ki duba mini. Da kyau dai ko?"

Na karɓa na duba. Ta soma gudaji.