Hannun Alƙasum

Alƙasum ya shigo garajin Talle, tsohuwar Landiroba tana jan hagu shi yana jan dama, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya kashe ta, ya zauna yana murza kafaɗa.

Tun tsakiyar damina yake ɓoye abin nan. Shi ne direban da ke kai masu allurar shanu ƙauyukan Adar, kuma ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa hannunsa na dama ne ke mutuwa. Haka na mahaifinsa ya fara, da nauyin kafaɗa, kafin ɓarin jiki ya shanye. Tsoro ya hana shi ko zargin motar. Ko Sauda matarsa bai gaya wa ba, don in maganar ta fita, shi da tuƙi sai dai a mafarki.

"Taya kaɗai za ka canza min, Baba Talle," in ji shi.

Tsohon makanikin ya shafa tayar gaba, ya ga gefe guda ya cinye tas. Ya ɗauko zare ya ja daga tayar baya zuwa ta gaba, ya kanne ido ɗaya, sannan ya shige ƙarƙashin mota. Can sai ga dariya tana fitowa.

"Kai Alƙasum! Wa ya ja motar ga?"

"Mutanen wani ƙauye bayan Bambeye. Ta kahe cikin ƙorama, suka hiddo ta da raƙumi. Ni ina ciki, riƙe da sitiyari."

"To, Allah shi saka musu! Sun laluba wurin da igiyar guga za ta ɗauru da daɗi, suka samu ƙarfen da ke juya tayu. Ga shi nan ya lanƙwashe kamar lauje."

Alƙasum ya durƙusa a hankali. "Ke nan ba hannuna ba ne?"

"Wane hannu? Wanda ya yi ta kokawa da shegiyar ga tun damina? Ai ko jaki sai ya yi ciwon kahwaɗa."

Talle ya kwance ƙarfen, ya gasa shi a wuta, ya miƙar da shi bisa maƙera. Ya mayar, yana ɗaurewa yana gwada zare, har tayoyin suka daidaita. Da la'asar suka hau hanyar bayan gari gwaji. Ba su yi nisa ba mota ta nufi dangar wata gona ta dama gadan-gadan, don hannun ya saba da ja.

"Sake ta, bawan Allah!" Talle ya daka masa tsawa. "Hwaɗan ya ƙare!"

Ya sake ta. Mota ta miƙe sak da kanta. Daɗi ya kama Alƙasum, sai ya ɗaga hannun nan da ya gama yi wa ta'aziyya, ya share hawaye da shi.