Ranar da Aka Nemi Mossie a Hasumiya

Mijina Mossie ne ya rubuta sunayenmu a tafiyar yawon buɗe ido tun Fabrairu. Ya rasu a Afrilu. Da ranar ta zo a Yuni, na haɗa burodi da cuku, na cika fulas da shayi, na nufi tasha. Ban san kowa a bas ɗin ba, shi ya sa ma na je.

Jagoranmu wani dogo ne mai sanƙo, sunansa Malachy. Ya ce shekara goma sha tara yana wannan aiki, bai taɓa ɓatar da mutum ko ɗaya ba. Sai ya fara kiran suna.

"Mossie da Nuala Brophy?"

"Muna nan," na ce. Shekara arba'in da ɗaya ni nake amsa mana, don Mossie ba ya ji da kunnen hagu. Malachy bai ɗago kai ba, ya ja layi biyu. Na so in gyara, bakina ya ƙi. Tun Afrilu ban taɓa faɗin maganar da bakina ba, ƙanwata ce ta sanar da mutane.

A garin Kilkenny muka zaga tsofaffin lunguna. Da muka dawo mota Malachy ya ƙirga kawuna har sau uku, saura mutum ɗaya.

"Madam Brophy, ina maigidan?"

"Ya tsaya gaida wani abokinsa. Zai biyo mu a tasi."

Daga nan sai tsohuwar fadar dutse mai hasumiya. Muka ga ɗakin da ake ɗaure mutane, muka ga ramin bayan gidan sarakuna, muka fito. Malachy ya sake ƙirgawa. Kafin in buɗe baki, wata mai suna Bernie da ke kujerar bayana ta ce, "Ai na gan shi can sama. Ba gajere ba ne mai hula?"

Gajere ne, kuma yana sa hula.

Matakala ɗari da ashirin Malachy ya hau. Muna ƙasa muna jin muryarsa yana kiran Mossie ta kowace taga. Wani tsoho ya ce tare suka yi fitsari da Mossie a bayan ganuwa, mutumin kirki ne. Bernie ta ce kirkin me, ta gaishe shi bai amsa ba.

"Ta wane gefe kika tsaya?" na ce.

"Hagu."

"To, laifinki ne."

Aka yi dariya, har da ni. Wallahi daɗi na ji. Mutum talatin suna maganarsa, kuma babu mai cewa Allah sarki.

Malachy ya sauko jiƙe da gumi. Bernie ta ce wataƙila tasin ya wuce da shi gaba, muka tafi.

Wuri na ƙarshe kangon gidan sufaye ne, babu rufi, sai hankaki da kaburbura. Malachy bai yi mana bayanin komai ba. Ya raba mu gida huɗu, kowa ya bazu yana kiran Mossie. Na sami Malachy zaune a kan wani dutse, waya a hannu.

"Zan kira 'yan sanda, Madam. Me ya sa a jikinsa?"

"Baƙar kwat," na ce. "Da ita muka binne shi. Mossie ya rasu, Malachy. Ranar tara ga Afrilu, a kicin."

Ya ajiye wayar. Sai ya matsa mini wuri a kan dutsen, na zauna na yi kukan da ban yi a coci ba. Da na share fuska, sai ya tambaye ni.

"Ke nan yau ban ɓatar da kowa ba?"

"Ko ɗaya."

"Matakala ɗari da ashirin, baiwar Allah. Ga gwiwa ba lafiya."

Shi ya tara mutane ya faɗa musu, ina tsaye kusa da shi. Maza suka cire hula. Bernie ta rungume ni har na kusa shaƙewa, sannan ta raɗa mini cewa ita dai ta ga wani, kuma ko wane ne, ba shi da tarbiyya.