Ajiyar Baba Mode

"Sake kunna ta," in ji Inna Turai.

Na sake. Fankar cikinta ta yi ƙara, fuskar laftof ɗin ta kawo haske, sai ga rubutun nan na ɗazu: ba ta ga had-dis ba, wato faifan da take ajiye komai a ciki. Na faɗa mata haka.

"Mi za ta gani, ita da ba ta da ido? Kai dai Sa'adu, hiddo muna muryar yaron."

Katanga ce kawai tsakanin shagona na gyaran waya da gidansu a Wurno, don haka duk wani abu mai maɓalli a gidan ni ne likitansa. Laftof ɗin ta ɗansu ce, Ismail, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Rabah. Ya bar karatunsa na Alƙur'ani a ciki, da wata hira da ya ɗauka shi da mahaifinsa a gonar albasa. Mahaifin kuwa, Baba Mode, ga shi kwance a tabarma gefenmu. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, asibiti sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Abin da Inna Turai ke so shi ne ya ji ɗansa kafin ya tafi.

Na cire batir na mayar. Na shiga saitin cikinta, wurin sunan faifan babu komai. Na ce wataƙila zama ne bai yi daidai ba, tsohuwar na'ura ta sha jijjiga. Na kifa ta, na kwance murfin.

Gurbin faifan wayam, sai saƙar gizo.

"Inna, faifan ba shi ciki. An hidda shi."

"Wa za shi sace muryar mamaci?"

Baba Mode ya yi gurnani. Da hannunsa mai lafiya ya shiga bugun ƙugunsa, idonsa a kaina.

"Ƙugun ne kuma," in ji ta. "Tun shekaranjiya shi kai haka."

Ta ɗauko man zafi, ta ɗage rigarsa, ta ture wata ƙatuwar laya ta jar fata da ke ɗaure a wurin, ta shafa masa. Bai daina bugawa ba, har ta riƙe hannun. Ni kuma na tattara kayan aikina, na ce zan tambaya a kasuwa. Ban san wa zan tambaya ba.

Washegari bayan la'asar Baba Mode ya cika. Ban ji komai ba, sai yunwa, na kuma ji kunyar hakan.

Ni ke zuba ruwa wajen wanka. Mai wankan ya kwance layar ya miƙo mini in ajiye. Ta yi nauyi, ta yi tauri, kusurwa huɗu. Hannuna ya gane ta kafin kaina ya gane.

A zaman makoki na nuna wa Malami baduku, abokin Baba Mode, layar.

"Ni na ɗumka mai," in ji shi. "Shekarar da ruwa yac ci gidaje, ya kai na'urar can Goronyo anka hiddo mai faifan. Ya ce in ruwa ya ci akwatin, kar ya ci yaron. Ashe ba ku sani ba?"

Na ce ba mu sani ba.

Da safe na shiga cikin gidan da reza. Inna Turai na zaune cikin takaba a bakin tabarmar, ba a naɗe ta ba tukuna. Na farke ɗinkin a gabanta, na zura faifan a gurbinsa, na kunna. Laftof ɗin ta tashi lafiya lau, kamar ba ita ba.

Iska ce ta fara fitowa, da ƙarar injin ban ruwa. Sannan muryar Ismail, yana dariya.

"Baba, kana ji na?"

"Ina jin ka," in ji Baba Mode.

Inna Turai ba ta yi kuka ba. Ta jawo fatar da na farke ta ɗora a cinyarta, tana lallatsa ta da yatsa. Har yanzu tana warin man zafi.