Minti Arba'in a Ƙasa

Anti ta ɗaga abin shaƙar iska sama, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta nuna wa kujeru ɗari da arba'in yadda ake rataya shi a fuska. Babu kujerar da ta ce uffan. Muryar da aka naɗa tana ta zuba bayani daga rufin jirgin, wai idan numfashi ya yi wuya kowa ya fara sa wa kansa kafin ya taimaki na kusa da shi. Daga can baya Dogo, abokin aikinta, ya tafa mata sau biyu.

"Anti, fasinjojin yau akwai ladabi. Ko tari babu wanda ya yi."

"Rufe mana baki ka ɗaura bel, tashi za mu yi."

Ba don nishaɗi suke wannan wasan ba. Da annoba ta shigo, kowa ya kulle kansa a gida, kamfanin ya kai gargara. Rana ɗaya aka sallami rabin ma'aikata, ta saƙon waya, ko sannu babu. Sai gwamnati ta kawo tallafi, ta haɗo shi da sharaɗi: duk garin da kamfanin yake zuwa a da, dole jirgi ya sauka can sau biyu a mako, da mutum ko babu, don kada a ce an yanke wani yanki daga ƙasa. Tashi ɗaya ya kuɓuce, a janye tallafin. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Shi ya sa suke kwasar iska daga wannan gari su kai wancan, da gogaggen kaya da murmushi a bayan takunkumi.

Garin da za su yau garinsu Anti ne. Can Mama take kwance a gida, sati uku ke nan, don asibiti ya ce ba shi da gado. Tun da ciwon ya kama ta, sau shida Anti tana sauka a garin, ba ta taka ƙasarsa ba ko sau ɗaya. Dokar a fili take: ma'aikacin da ya sauko daga matakala za a killace shi kwana goma sha huɗu. Wata dokar kuma, wadda ta girmi annobar, ta ce jirgi mai girman wannan ba ya tashi da ƙasa da ma'aikatan ciki uku, ko da aljanu kaɗai ya ɗauko. Su uku ne cif: ita, da Dogo, da Amarya, wadda aka ɗaura wa aure mako guda kafin a rufe iyakoki, angon yana wata ƙasa har yau, sunan kuma ya bi ta.

Sun yi nisa a sama sai ƙararrawar kira ta buga. Fitila ta kama a layi na goma sha huɗu, gefen taga.

Amarya ta dafe ƙirji. "Anti, ga ta nan kuma."

"Waya ce ta saki. Na faɗa wa makanike."

Ta faɗa masa ɗin, ya kuma duba bai ga komai ba. Kujerar wani dattijo ce mai sayar da magunguna, wanda ya shekara tara yana bin wannan jirgin duk Talata, kullum sai ya danna ya nemi ruwan ɗumi, kullum sai ya ce mata "'yata, kin rame." Watan jiya ta ji labarin annobar ta tafi da shi. Anti ba ta yarda da fatalwa ba, amma ta tashi ta je. Ta tsaya kan kujerar, ta ga bel a naɗe yadda masu shara suka bar shi, ta kashe fitilar. Da ta juyo ta dubi dogon layin kujerun, sai ta ji tsoro ya kama ta sosai. Ta san fuskoki da yawa da suke cika wuraren nan, ba ta kuma san su wa suka rage ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka sauka. Filin jirgin fayau, ciyawa ta fara tsirowa a tsagar kwalta. Mutum biyu cikin fararen riguna na roba suka turo matakala, suka ja da baya kamar jirgin zai cije su. Anti ta buɗe ƙofa, iskar garinsu ta doki fuskarta. Minti arba'in suke da shi kafin su juya.

Kyaftin ya leƙo daga ɗakin tuƙi. Dattijo ne mai furfura a gira, saura shekara guda ya yi ritaya.

"Yaya mai jikin?"

"Jiya da yamma dai sun ce da sauƙi, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya dubi matakalar. "Ni dai idona ya fara rauni. Idan wani ya sauka, ba lallai in gani ba." Ya juyo gare ta. "Sai dai in na zo ƙirga ku, uku nake nema."

Ta gane. Taki goma sha biyu ne daga inda take zuwa ƙasa, daga nan gida tafiyar minti ashirin. In ta sauka, jirgin ya kwana nan, sharaɗi ya karye, mutum dubu da 'yan kai da suka rage a kamfanin su bi sahun waɗanda aka sallama. Dogo yana da 'yan biyu a goye. In ta tsaya, wa ya san ko Mama za ta kai Juma'a? Gaba kura, baya sayaki.

"Anti, ki je kawai," in ji Amarya, murya ƙasa-ƙasa. "Uwa fa ce."

Dogo ya juya baya. Ya duƙufa yana gyara bargunan da babu wanda ya taɓa.

Wayarta ta yi ƙara. Auta ne, ƙaninta, mutum mai shekara talatin da biyar da gemu, amma har gobe Auta.

"Yaya, kada ki sauko. Dubi wajen shinge, ta hannun damanki."

Ta duba. Bayan shingen waya, a bakin hanyar da ta zagaye filin, ga tsohuwar motarsa mai ruwan toka. Yana tsaye a gefenta da waya a kunne.

"Na kawo miki ita. Tana baya a kwance. Ta ce tunda ke ba ki da halin zuwa, ita za ta zo."

Anti ta riƙe ƙarfen ƙofa. "Kai mahaukaci ne? Ka fito da ita cikin ranar nan?"

"Kin san halinta. Wa ya isa ya hana ta? Ɗaga mata hannu, tana ganinki."

Ta ɗaga hannu. Ta cire takunkumin don Mama ta ga fuskarta da kyau, tana dariya hawaye na zuba. Rana tana dukan gilashin baya, ba ta hango komai a ciki sai walƙiya.

"Ba ta wayar in ji muryarta."

"Ba ta da numfashin magana, Yaya. Amma murmushi take yi."

"To buɗe ƙofar mana in ga ko ƙafarta ce."

"Ƙura za ta shiga."

A nan ne idonta ya sauka kan bayan motar. But ɗin bai rufu ba, an ɗaure murfinsa da igiya, ga kan wata koriyar tukunya ya leƙo waje. Ta san tukunyar. Ita ce ta iskar numfashi da suka samo haya da ƙyar, wadda take gani a gefen gadon Mama duk lokacin da suka yi kiran bidiyo, wadda likita ya ce kada a raba ta da ita ko na minti biyu. Tiyonta a naɗe yake a wuyanta, an ɗaure shi tsaf, irin ɗaurin kayan da za a mayar wa mai shi.

Ba ta sauke hannun ba. Ta ci gaba da ɗaga shi, shi ma yana tsaye can yana nuna mata gilashin baya, su biyun suna ta fama da motar da babu kowa a cikinta. Tausayinsa ya kama ta fiye da na kanta. Tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba, yau ga shi ya tuƙo mota tun daga gida don ya yi mata guda ɗaya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ka ƙara ɗaure but ɗin nan da kyau, kada tukunyar mutane ta faɗo a hanya."

Ta ga ya juya ya dubi bayan motar, sannan ya jingina goshinsa da shingen. Kukan nasa ya zo ta waya kafin ta ga kafaɗunsa suna rawa.

"Yaushe?"

"Da safen nan ta cika. Ƙarfe tara ma'aikatan lafiya suka tafi da ita. Ni ma daga nesa na tsaya, ba su bar kowa ya matsa ba. Na ce in kika ji za ki sauko, kuma babu abin da za ki tarar."

"Ka kyauta," ta ce. "Je ka gida ka huta. Ka ci wani abu."

Mutanen nan biyu masu fararen riguna sun dawo, sun kama matakalar suna jiran alama. Kyaftin ya yi magana ta lasifika, a hankali, ba yadda ya saba ba.

"Ma'aikatan ciki, mu nawa ne?"

Anti ta mayar da takunkuminta, ta ɗauki wayar bango.

"Uku, ranka ya daɗe."

Ta yi wa masu matakala alama su janye, ta kama ƙofar da hannu biyu ta jawo.