Gyambon Ciki Suka Ce Mata

Tun da aka yi wa Daeng Rannu aiki a hanji, 'ya'yanta suke ce mata gyambon ciki ne. Ta yarda. Ta rufe rumfarta ta farfesun kayan ciki a bakin tashar jirgin ruwan Makassar, ta koma shan kunun shinkafa ba yaji, tana ta ramewa.

Ranar da suka koma asibiti, Marlina, ma'aikaciyar jinyar da ke yi wa masu ciwon daji jagora, ta jawo kujera kusa da ita.

"Mama, yau kam sai mun tura tsokar da aka cire miki a gwada. Dajin hanji iri-iri ne, gwajin ne zai nuna maganin da zai karɓe ki. An makara ma."

"Dajin me?"

Marlina ta dubi Syahrir, babban ɗan Rannu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Rannu ta ce, "Kai, ɗago ka dube ni!"

"Mama, tsoro muka ji kada hankalinki ya tashi. Likita ya nemi gwajin tun tuni, muka ce a dakata tukuna."

"Kuka ce! Cikin uban wa aka tsaga? Ni da na tsufa ina wanke hanjin shanu da asuba don ku ci ku yi makaranta, labarin nawa hanjin ne zai fi ƙarfina? Kuna kallona ina haɗiyar maganin gyambo kamar sakarya, har da yi mini sannu!"

Ta nuna masa ƙofa. "Fita."

Da ya fita ta goge ido da gefen mayafinta. "'Yata, faɗa mini komai. Kada ki sa mini sukari."

Marlina ta faɗa mata inda ciwon ya kai, da abin da jinkirin ya ci. Ta kama hannunta har ɗakin gwaji, ta ba ta lambar wayarta.

Da sakamakon ya fito, likita ya ce akwai maganin da ya dace da irin nata. Rannu ta fara karɓa, ita kaɗai take shiga ganinsa. Syahrir ne ke kawo ta a babur, ya zauna waje cikin rana. Ya ba ta haƙuri har ya gaji. Ta ce ta ji, amma har yau ta bakin ƙanwarsa take aika masa da magana.