Ƙwayar da Wafa' Ba Ta Sani Ba

Zaharadden mai walda ya faɗo daga tsani a Kurayyat, can ƙasa mai tsarki, ƙugu ya karye, aka yi masa aiki. Da ya farfaɗo sai ciwo ya ce salamu alaikum, kamar ana ɗiga masa narkakken ƙarfe a cinya.

'Yarsa Wafa' ce tafinta, don Larabcinsa na kasuwa ne, bai kai na asibiti ba. Ita kuwa haihuwar Jidda ce, Hausarta ta tuwo da gaisuwa ce.

Da likita ya shigo, Zaharadden ya ce, "Gaya masa ba na son ƙwaya."

Ta gaya masa. Jim kaɗan sai ga nas da allura.

"Halas, shi ke nan, Baba. Na ce ba ka iya haɗiya. Wannan ma ta fi ƙarfi, yanzu za ka yi barci."

Ya dubi allurar, ya dubi yarinyar. Ashe a wurinta ƙwaya abar haɗiya ce kawai. Ba ta san ɗayar ba, wadda aka rubuta masa don ciwon baya tun Wafa' tana goye, bayan ya warke ita ta ƙi sakinsa, har ya sayar da injin walda. Da ƙyar ya rabu da ita, ya kuma san ba mutuwa ta yi ba, barci take. Ga jiki yana roƙon allurar. Ga 'ya da ba ta taɓa ganin ubanta a ƙasa ba.

Ya janye hannunsa cikin mayafi.

"Uwata, ƙwaya iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke sha, akwai wadda ke shan mutum. Ta biyun ta taɓa shan ubanki."

Wafa' ta ce, "Yaya zan faɗa da Larabci?"

"Idman," in ji shi. Wannan kalmar kam, mai nufin jarabar ƙwaya, ya san ta.

Likita bai yi gardama ba. Ya ce haƙƙinsa ne ya ƙi, za a sa a fayil kada kowa ya ba shi irinta. Akwai wani magani mai sauƙi, sai dai ba zai kashe ciwon duka ba.

"Za ka sha wuya fa, Baba."

"Ciwo baƙo ne, zai tafi. Ita in ta shigo, sai ta nemi iƙamar zama."

Wafa' ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera kusa, ta ce wa nas ta tafi da allurar.