Kayen da Awaisu Ya Yi wa Mannir

Duk ƙasar Kafur babu wanda bai san Awaisu a fagen kokawa ba. Shi da taubashinsa Mannir tare suka taso suna gwabzawa a yashin rafi, kuma kusan kullum bayan Mannir ne ke shan ƙasa.

Ana cikin girbin masara aka zo daga Katsina neman 'yan kokawar da za su je gasa a Abuja. Lokacin Awaisu na jinyar kafaɗa, ya gurɗe wajen loda buhuna a mota. Sai aka tafi da Mannir.

Mannir bai ciyo komai ba, tun da wuri aka fitar da shi. Amma da ya dawo, teburin mai shayi ya zama nasa.

"Wallahi ɗakin wasan nan na Abuja zai haɗiye rabin kasuwarmu," in ji shi. "Don wasannin Afirka aka gina shi. Yau a shimfiɗa katifar kokawa, gobe a naɗe a buga ƙwallon kwando, jibi 'yan dambe. Ga fitilu, ga sanyi kamar ka shiga randa."

Awaisu na gefe yana juya cokali a kofi. Ya ce, "To wa ka kayar a cikin randar?"

Ba wanda ya yi dariya. Wani ma cewa ya yi, "Haba Awaisu, bari ya ƙarasa mana."

Awaisu ya ajiye kofin ya tashi. Da ya koma gida ya tarar da matarsa Suwaiba tana kallon bidiyon ɗakin a waya, har da riƙe baki. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Da kokawar kaka ta zo, ya shiga fage ya nuna Mannir da yatsa. Ba a daɗe da kamawa ba ya ɗaga shi ya nana da ƙasa. Makaɗa suka wasa shi, ya zagaya fili yana huci. Sai dai da ya waiwaya, mutane na kan Mannir suna karkaɗe masa jiki, wani dattijo yana cewa, "Ai shi yanzu ya saba da katifa, yashi ba nasa ba ne."

Washegari Mannir ya same shi a gona yana ɗaure dawa.

"Taubashi, hannunka dai bai mutu ba. Kocinmu na neman mai nauyi irinka, na ba shi sunanka."

Awaisu bai ɗago ba. "Kai ne za ka ba da sunana?"

"To wa zai bayar?"

Ya ci gaba da ɗaurinsa har Mannir ya gaji da tsayuwa ya tafi.

Ranar da kocin ya sa za a yi gwaji a Katsina, Awaisu ya bari motar da Mannir ya shiga ta tashi, sannan ya hau acaɓa zuwa Malumfashi, ya nemi wata motar Katsina. Da kocin ya tambayi wanda ya turo shi, ya ce babu kowa, shi ya kawo kansa.